Gaisuwar Juma'a a Gidan Inna Habsu

Tun da na dawo daga Matameye ba a bar ni na huta ba. A ofis tambaya, a gidan biki tambaya, ƙawata Ummi kuwa har gida ta biyo ni, wai sai na gaya mata abin da ya sa na zabge a kwana biyar kamar wadda ta tashi daga jinya. Na gaji da cewa lafiya lau, sai alheri. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Mai jiran labarin kilishi da hotuna kuwa ya yi haƙuri, ba shi na kawo ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sa'adatu, a Kano nake, aikina tsara fuskar manhajar waya. Injin da ke ciki ba nawa ba ne, wannan na su Kabiru ne abokan aikina. Nawa shi ne abin da ido ke gani da abin da yatsa ke taɓawa: ina za a sa maɓalli, wane launi za a ba shi, me zai faru in an danna. Shekara biyu muka yi a ɗan kamfaninmu muna gina manhajar saƙon murya domin gidajen da mazansu ke tafiya cin rani, matan kuma ba su yi karatun boko ba. Babu rubutu a cikinta ko harafi ɗaya. Hoton mijinki ne ƙato a allo. Ki taɓa fuskarsa ki ji muryarsa, ki danne ki yi magana, ki saki saƙon ya tafi. Ba zan ɓoye ba, na ji kaina da aikin nan ƙwarai.

Abin da na fi taƙama da shi kuwa shi ne gaisuwar Juma'a. Maza 'yan cin rani sun yi mana kukan cewa wani lokaci sai a yi mako uku ba su da kati, ko wayar ta mutu, iyali kuma hankalinsu ya tashi. Sai na kawo dabara: kafin mutum ya tafi, ya ɗauki gaisuwa huɗu da muryarsa, a ajiye su a cikin wayar matarsa. Kowace Juma'a ƙarfe biyu da rabi, bayan an sauko daga masallaci, wayar ta yi magana da kanta, gaisuwa ɗaya duk mako, ko da babu sabis. Na sa ta yi magana ba tare da an taɓa ta ba, saboda hannun mace kullum a cikin aiki yake. Kabiru ya so a sa wata 'yar alama da za ta nuna cewa tsohon saƙo ne aka ajiye. Na ce a'a, tana cunkushe allo, kuma wa zai gane ta? Muka yi ta musu har na yi nasara. Ni fa in na kafe, sai dai a bar ni.

Wata ƙungiyar mata a Matameye ta karɓi manhajar tun bayan girbi. Shugabarsu Madam Rakiya, tsohuwar malamar makaranta ce, ita ke ba mu labari ta waya. Wata rana ta kira ni ta ce, "Ki zo ki gani da idonki. Akwai maganar da ba a yi a salula." Na ɗauka yabo ne ya yi mata yawa har baki ya kasa ɗauka.

Ranar Talata na shiga ƙaramar mota daga Kano, mu huɗu a baya an matse mu kamar kifin gwangwani. A damana wani Alhaji ne mai fataucin robobi, tun daga tasha yake ba direba shawarar tuƙi har Kazaure, inda taya ta fashe muka yi awa guda a gindin darbejiya. A haguna kuwa wani siririn mutum ne da ya rungume wata jakar leda mai ratsi-ratsi a cinya. Direba ya yi ya yi da shi ya sa ta a but, ya ƙi. Ni da bakina ba ya shiru na tambaye shi ko zinare ya ɗauko. Ya ce ba tasa ba ce, ta wani ɗan garinsu ce na Icirnawa, tare suke turin ruwa a Kudu, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi. A can suka binne shi, kayansa ne zai kai wa iyalinsa. Na ce Allah ya jiƙansa, na ja bakina na tsuke. Har Daura gefen jakar yana gogar gwiwata, ina jin tudun takalmin mamacin a ciki.

A kan iyaka, daga Kongolam zuwa Maimujiya, nan na fara shan dariya. Na gaida jami'in da Turanci, shi ya amsa mini da Faransanci, muka tsaya kallon juna, sai ya ce, "Hajiya, mu yi Hausa mana." Da ya buɗe jakata ya ga waya shida, ya tambaye ni ko sayarwa zan yi. Na ce na gwaji ne. Ya ɗauki ɗaya ya taɓa hoton Kabiru, sai muryar Kabiru ta fito da sallama, shi kuwa kafin ya ankara har ya ce wa alaikumus salam. Abokan aikinsa suka yi ta ƙyaƙyata masa. Ya mayar mini da wayar yana murmushi ya ce wannan abu ai sai a yi hankali da shi, kamar mutum ne a ciki. Na ji daɗin maganar, na ɗauke ta yabo.

Da la'asar muka shiga Matameye. Abin da na fara gani shi ne rake, an jingina shi dami-dami a bakin gudro, wato kwalta a bakinsu. Abu na biyu sai da na hau kabu-kabu muka kutsa cikin unguwa na lura da shi. Babu maza. Akwai tsofaffi a kan tabarma, akwai 'yan kasuwa a bakin titi, amma cikin lungu sai ki wuce ƙofa goma ba ki ga namiji mai ƙarfi a jika ba. Dakalin ƙofar gida duk wayam. Mai babur ɗin ya ce ai sai ruwa ya kusa sauka gari yake cika.

Madam Rakiya doguwa ce, baƙa, mai tabarau, bakinta kuma ya fi nawa kaifi. Tana ganina ta ce ga Bakanuwa ta zo, a ɓoye abinci. Na ce ai Damagarawa ba su da abin da za a sata sai rake. Da ma mu da su akwai wasa, don haka nan take muka saba. Ta kawo mini dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, an zuba masa mai da yaji, na ci har na ji kunya. Da safe kuma dogon burodin nan nasu mai tauri, wanda in ba ki tsoma shi a shayi ba sai ya yanka miki dasashi. Ta sauke ni a ɗakin ɗanta da ya tafi cin rani Fatakwal. Rigunansa na rataye a ƙusa, takalminsa na sallah a gindin gado an jera shi kamar yanzu zai shigo ya saka. Na tambaye ta maganar da ta kira ni a kanta. Ta ce in fara ganin matan tukuna, waccan sai Juma'a.

Laraba da Alhamis muka yi su a tsakar gidanta, mata kusan ashirin a kan tabarmi, kowa da wayarta ɗaure a bakin zane. Nan girman kaina ya fara raguwa. Na ga ba taɓa allo suke yi ba, dannawa suke da ƙarfi kamar mai murƙushe barkono, sai wayar ta ɗauka magana za su yi. Na ga waya ɗaya mutum biyar ke amfani da ita a gida. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne hoton kwandon shara. Wata mata mai suna Zule ta yi ta faɗa cewa manhajarmu ɓarauniya ce, duk saƙon mijinta da ya yi mata daɗi sai ta ja shi ta zuba a cikin randa don ta adana, in ta koma ba ta ganinsa. Na duba, ashe kwandon da na zana da murfinsa randa suke gani. Wata uku tana zubar da abin da ta fi so da hannunta. Na rubuta a littafina, na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ai 'yan Kano ba su san randa ba.

Duk wannan ana yi ana raha. Amma da na ce to yaya gaisuwar Juma'a, sai wurin ya yi tsit. Wata ta gyara goyonta, wata ta ce ta bar tukunya a wuta. Cikin ɗan lokaci tabarmi suka zama wayam. Na kalli Madam, ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, sannan ta ba ni labarin.

Akwai wani mutum Lawali a bayan layinsu, mai sayar da shayi a Legas in rani ya yi. Yana da uwa tsohuwa, Inna Habsu, shi kaɗai ya rage mata, da matarsa Barira da 'ya'ya mata uku. Mako biyar da suka wuce wani abokin tafiyarsa ya bugo waya ya ce mota ta buge Lawali da safe, kafin azahar ya cika, sun yi masa sutura sun binne shi a can. Babu wanda ya ga gawa a nan. Aka yi kuka, aka shimfiɗa tabarmi, Barira ta cire 'yan kunne ta shiga takaba. Kwana biyu da zuwan labarin Juma'a ta zagayo. Mata cike da gida ana zaman makoki, sai wayar Barira ta yi sallama da muryar Lawali, ya ce yana nan lafiya, kada su damu.

Madam ta ce cikin matan har da masu barin takalmi wajen gudu. Inna Habsu kuwa ta miƙe ta naɗe tabarmin da hannunta, ta ce ɗanta na da rai, wanda ya kawo labarin ko dai kuskure ya yi ko maƙiyi ne. Ta hana sadakar uku, ta hana ta bakwai, ta ce duk wanda ya sake cewa Allah ya jiƙan Lawali a gidanta ba ta yafe ba. An kira lambarsa, a kashe. An sake kiran abokin nasa ya rantse, Inna ta ce ita da kunnenta take jin ɗanta, kuma ba magana ɗaya yake maimaitawa ba, kowane mako da abin da yake cewa. Malamin unguwa ya ce shaidar mutum ɗaya ta waya, ga kuma murya tana zuwa, shi ba zai yanke ba sai sauran abokan tafiyar sun dawo da damina. Madam da kanta ta je ta yi bayanin cewa ajiyayyen saƙo ne, Inna ta ce ta nuna mata inda aka ce haka a jikin wayar. Madam ta duba sama da ƙasa, babu. Saƙon yana zuwa da hotonsa da koren zobe, daidai da sabon saƙo.

Na tambayi halin da Barira take ciki. Madam ta ce nan ne abin tausayin. In ta ci gaba da takaba, surukarta ta ce tana yi wa mijinta fatan mutuwa. In ta fita, ga tsoron Allah, wataƙila mijin nata yana kabari ita tana yawo da kwalli. Don haka da rana sai ta sa 'yan kunne saboda Inna, in ta shiga ɗaki ta cire. Ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Mamacin kuma, in mamaci ne, mako biyar ke nan babu mai yi masa addu'a a gidan ubansa.

Na tuna musun da na yi da Kabiru a kan 'yar alamar nan, har ina buga tebur.

Ranar Juma'a bayan an tafi masallaci muka nufi gidan. Rana ta take, lungu babu kowa, ko akuya ta shige inuwa. Maƙwabta sun daina shiga gidan Inna Habsu ranar Juma'a, har ƙofofin da ke kallonsa an rufe. Muka yi sallama. Tsakar gidan a share tas, an yayyafa ruwa. Tsohuwar na zaune a kan tabarma a gindin bishiyar lemun tsami, ta yi wanka ta sa zanenta mai kyau, kusa da ita ga kujera 'yar tsugunno an ɗora wayar a kai, an juyo da allon wajenta. Ga kuma ƙwaryar fura an rufe da faifai a gaban kujerar. Ban tambayi ta wa ce ba.

Madam ta gabatar da ni, ta ce ni ce wadda ta yi abin da ke cikin wayar. Inna Habsu ta kama hannuna da hannu biyu ta yi ta sa mini albarka. Ta ce ba don ni ba da baƙin ciki ya kashe ta, da an binne mata ɗa da ransa a bakin mutane. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Barira ta fito ta durƙusa ta gaishe mu. Ba za ta wuce shekara talatin ba, idanunta sun faɗa, 'yan kunnen suna lilo a kunnenta. Ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta zauna, 'ya'yan suka lafe a jikinta.

Muka zauna jira. Ina duba agogona a ɓoye. Biyu da rabi tana cika sai na ji sallama daga bayan katanga, muryar namiji. Kafin ta ƙare wata ta tashi daga gidan gabas, wata daga can nesa, wata kuma kamar a bayan ƙeyata. Unguwar da na shigo ba namiji ko ɗaya, sai ga ta cike da muryoyin maza, kowa yana sallama a gidansa a lokaci guda, ba motsin ƙafa, ba ƙarar ƙofa. Shekara biyu ina gwada abin nan a ofis da waya ɗaya a kan tebur. Ban taɓa tunanin yadda zai kasance a unguwa guda ba.

Sai wayar da ke kan kujera ta haskaka. Ga fuskarsa, mai faɗi, da hula a karkace, yana dariya.

"Assalamu alaikum. Barira, ni ne. Ina nan lafiya, kada ku damu. Ki gaida Inna, ki ce mata ina nan tafe kafin ruwa ya sauka."

Inna Habsu ta amsa sallamar da ƙarfi, ta ce Allah ya kawo ka lafiya ɗana, ta juyo ta kalle ni fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Ni kuwa Barira nake kallo. Leɓenta yana motsi tare da muryar, kalma da kalma, kafin ma ya faɗa. Gaisuwa huɗu ce, an zagayo, ta riga ta haddace. Ashe ta daɗe da ganewa, bakin faɗa ne ba ta da shi.

Zuciyata ta ce in tashi in tafi, in koma Kano in sa Kabiru ya kashe abin daga can a hankali, tsohuwa ta ɗauka waya ce ta lalace. Har na taɓa jakata. Sai na sake kallon 'yan kunnen nan a kunnen Barira, na ga in na yi haka ita zan bari a rataye har damina, ko har abada. Na matsa kusa da Inna na ce ina neman izini in nuna mata wani abu. Na yi mata bayani da sauƙi iyakar iyawata, cewa Lawali ya ɗauki maganganun nan ne tun kafin ya tafi, wayar ce ke fito da su duk mako. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yar nan, Rakiya ma ta faɗi haka. Ke kin ga gawarsa?"

Na ce ban gani ba.

Ta ce, "To ni ina jin muryarsa."

Sai na tuna ina da ƙaramar lasifika a jaka, wadda nake amfani da ita in ina koyar da taro. Na haɗa ta da wayar, na shiga inda saƙonnin huɗu suke ajiye, wurin da na ɓoye can ciki don kada ya dami masu amfani. Niyyata kawai in jera mata su a jere ta ji ba sababbi ba ne. Na ƙure ƙara na saki na farko. Abin da ƙaramin bakin waya yake haɗiyewa sai ga shi ya fito fili. A bayan muryarsa ana jin luguden taɓarya. Na saki na biyu, ana jin taɓaryar dai, da kukan 'yar ƙaramarsu. A na uku ya yi dariya ya ce wa wani ya dakata. A na huɗu, yana cikin cewa a kula da karatun yara, sai wata murya ta tsohuwa ta ratso daga nesa: "Lawali, ka ajiye wannan abin ka zo ka sha fura, mota za ta tafi ta bar ka."

Inna Habsu ta ce in mayar. Na mayar. Ta karkata kunne, bakinta a buɗe kaɗan, har muryar ta sake wucewa.

Ta ce, "Wannan ni ce."

Na ce ita ce.

Ta ce, "Ranar da zai tafi ne. A nan yake tsaye, gindin lemun nan."

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, sau uku. Ba ta yi kuka ba. Ta kira Barira ta ce ta matso, ta sa hannu ta cire mata 'yan kunnen da kanta, ɗaya bayan ɗaya, ta danƙa mata a tafin hannu. Ta roƙi Barira ta yafe mata, ta ce ita ce ta hana ta hakkin mijinta. Barira ta kifa kai a cinyar tsohuwar, kafaɗunta suna rawa.

Can Inna ta ɗago ta tambaye ni ko Juma'a mai zuwa ma zai yi magana. Na ce zai yi. Ta ce a hana shi. Nan kuma wata kunyar ta same ni, domin yadda na tsara abin, mai gaisuwar ne kaɗai yake iya tsayar da ita daga wayarsa. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutum zai tafi inda ba zai iya danna maɓalli ba. Hanya ɗaya ta rage daga wannan ɓangaren, a cire hotonsa gaba ɗaya, muryar ta tafi tare da shi. Na ce in sun yarda zan fara kwafe saƙonnin a wani wuri saboda yara. Barira ta ɗaga kai da sauri, Inna ta gani, ta ce in kwafe wa Barira, amma ita kada a sake kunna mata. Na kwafe a ɗaya daga cikin wayoyin gwajina na miƙa wa Barira, ta tura ta cikin zane.

Na miƙa hannu zan cire hoton, Inna ta ce a'a, ita ta haife shi, in nuna mata. Na kama babban yatsanta, busasshe mai kaushi, na ɗora a kan fuskarsa, muka ja shi tare zuwa kwandon.

Akwai abin da ban gaya muku ba. Tun da babu rubutu a manhajar, duk tambayar da za ta yi da baki take yi, muryar da muka sa kuwa tawa ce. Na ɗauke ta a ofis wata safiya, na maimaita ta sau da yawa don ta fito da fara'a, saboda a cewata kada mutane su ji tsoron waya. Sai ga ta ta fito ta lasifikar da na ƙure, ta cika tsakar gidan, tana rangaɗi kamar mai tallar zanen sallah: "Kin tabbata kina so ki cire wannan mutumin? In kin tabbata, taɓa kore!"

Tsohuwar ta kalli wayar, ta kalle ni. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Allah ya jiƙanka, Lawali. Allah ya sa ka huta." Ta danna kore da ƙarfi, irin dannawarsu.

Muryata ta ce, "An gama. Madalla!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Madam Rakiya ce ta tattaro mini jaka da lasifika ta same ni a zaure. Muna tsaye sai kuka ya tashi daga cikin gidan, na tsohuwar ne ya fara, sannan na Barira da yaran. Ƙofofin da aka rufe suka fara buɗewa. Mata suka riƙa fitowa da tabarmi a hammata suna wuce mu ba mai kallona, wani dattijo da ya dawo daga masallaci ya tsaya a ƙofar gidan ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Madam ta ce in zo mu koma ciki mu zauna, ai yanzu gidan makoki ne, ba a zuwa a juya. Na koma na zauna a ƙarshen tabarma har la'asar. Duk wadda ta shigo sai ta bi layi tana yi wa kowa gaisuwa, in ta zo kaina ta ce ya haƙuri, ni ma in ce haƙuri sai ma'abucinsa, da wannan muryar tawa.

Washegari na kamo hanya. Ban tsaya sayen rake ba. Tun daga Maimujiya, inda sabis ɗin gida ya dawo, na kira Kabiru na ce ya dakatar da gaisuwar Juma'a a ko'ina, kuma ba za ta sake tashi ba sai mai ita ya danna da yatsansa a safiyar ranar. Bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Ya dai tambaye ni gida nawa abin ya shafa. Na ce ɗaya na sani. Muryoyin da na ji ta bayan katanga ranar nan, ban san mutum nawa ne cikin masu su ke da rai ba, matansu ma ba su sani ba.

Jiya Madam ta kira ni. Ta ce malam ya ƙirga wa Barira daga ranar rasuwar, sauranta wata biyu da 'yan kwanaki ta fita. Inna Habsu kuma ta ce a gaishe ni, ta ce a gaya mini ba ta riƙe ni da komai ba. Na ce ina amsawa. Na kashe wayar na zauna a bakin gado, na yi kukan da ban yi a gidansu ba.